Na Taɓa Ruwan Kafin In Sa Ta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ce ta sayo mini wannan littafin. Ta ce tunda na ƙi magana, in rubuta. Ni ban ƙi magana ba. Na faɗa ya fi sau goma, ba dai wanda ya ji.

Muna ɗakin yara a asibiti, gado na ƙarshe, jikin taga. 'Yata Tsuntsuwa ta samu barci. Watanta tara. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan, saboda yadda take wage baki in ta hango cokali. Yau kwana biyu ba ta wage shi ba sai don kuka. An naɗe mata ƙafafu biyun da bandeji, daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Nas ta ce ta hagu da sauƙi. Ba ta ce komai a kan ta dama ba, ni kuma ban tambaya ba.

Na taɓa ruwan kafin in sa ta. Abin da nake so ya zauna a rubuce ke nan.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Da safe ake wanke mata ƙunar. Ba sa barina a ciki. Na tsaya a baranda, amma bangon ba shi da kauri.

Maigida ya biyo kafin ya je ya ɗauki bas ɗinsa. Ya kawo filas ɗin shayi da kayan canji. Bai zauna ba. Ya daɗe tsaye a kan gadon, sannan ya ce, "Kin ci wani abu?" Bango yake kallo da ya faɗa. Shekara huɗu da aurenmu, ban taɓa ganin ya rasa inda zai ajiye idonsa ba.

Da faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wata mata ta zo da fayil, ta ce daga ofishin kula da yara take. Wai duk yaron da aka kawo da ƙuna sai sun yi waɗannan tambayoyin, kada in ɗauke su da wata manufa. Ta ja kujera har gwiwarmu na haɗuwa.

Wa ke gida ranar? Ina samun barci? Yarinyar na da rigima? Ni da mijina lafiya muke? Tun da na haihu, na taɓa jin kamar in fice in bar komai?

Sai ta ce, "Faɗa mini yadda kika haɗa ruwan."

Na ce na juye na buta a baho, na sirka da na famfo, na sa hannu, na kuma sa gwiwar hannu yadda aka koya mana a wajen awo.

"Kika ji yaya?"

"Daidai."

"Tururi fa? Ba ki gani ba?"

Na ce ni guga nake yi a ɗakin wankin otal, shekara bakwai ina wuni cikin tururi, idona ya daina lura da shi.

Ta rubuta. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "'Yar'uwa, ruwan da ya yi wannan ɓarnar, ba mai hannun da zai taɓa shi ya ce daidai."

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na taɓa ruwan. Wallahi na taɓa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sai a yi haƙuri da rubutun.

Ina zuba shayi daga filas, ina amsa wa Yaya magana, sai babbar nas ta yi tsalle daga wajen gadon can ta fizge mini kofin. Na ɗauka wani laifin na sake yi. Ashe kofin ya daɗe da cika, shayin yana bi ta kan yatsuna yana zuba ƙasa. Na ji jiƙa. Jiƙa kawai.

Ta ja ni famfo ta sakar mini ruwa. Sannan ta juya hannuwana ciki da baya, tana bin tabo ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Dutsen guga."

"Wannan?"

Ban san da shi ba ma. Wani dogon tabo ne a bayan damtsena.

Na ce mata a wajen aiki Hannun Ƙarfe suke ce mini. Zanin gado na fitowa daga injin da zafinsa, kowa sai ya sa safar hannu, ni kuwa haka nake cafkewa. Da bakina nake musu dariya, ina ce musu 'yan gata.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na yi ta tunani. Shekara biyu? Uku? Abin da ya tafi bai yi sallama ba, ta yaya zan san ranar?

Ta rubuta mini takardar ganin likitar jijiyoyi. Yaya ta zauna bakin gado tana kuka tana cewa alhamdu lillahi. Ban gane me take gode wa ba, sai da ta ce, "To ai ba ke ba ce." Ashe ita ma ta zarge ni.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gwada a banɗaki da fil ɗin ɗankwali. Hannun dama, hannun hagu, kafaɗa. Ina jin ana danna ni, ba na jin tsini. Da na soka a cinya sai da na yi ƙara.

Na faɗa wa Maigida. Ya ce, "A bari likita ta gani." Ya gyara wa Tsuntsuwa bargo, alhali ba abin da ya samu bargon.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Likitar 'yar gajeruwa ce, tana magana tana tauna murfin biro. Ta sa na rufe ido. Ta shafa mini auduga, na ce na ji. Ta lanƙwasa mini ɗan yatsa sama da ƙasa, na faɗa mata daidai. Har na fara jin kunya, na ce kar dai a ce ƙarya na shirya.

Sai ta ɗauko ƙananan kwalabe biyu, ɗaya ruwan ɗumi, ɗaya ruwan ƙanƙara. Ta ɗora mini a kumatu, na bambance. Ta ɗora a tafin hannu.

"Wanne ne?"

"Kwalba ce."

"Na sani. Mai zafi ko mai sanyi?"

Na ce mai zafi, don dai in ce wani abu. Ta ce kada in yi canki-canka, ba jarrabawa ba ce.

Ta bi jikina da biro tana sa alama duk inda ji ya dawo. Da na duba madubi, sai na ga ta zana mini 'yar riga: hannuwa biyu, kafaɗu, saman ƙirji da saman baya. Duk abin da ke cikin rigar nan bai san wuta ba, bai san ƙanƙara ba, bai san allura ba.

Ta tambaya ko ƙeyata na sarawa in na yi tari ko atishawa. Na ce tun ina budurwa, na ɗauka kowa haka yake.

Na ce, "Likita, ta yaya ina jin auduga ba na jin wuta? In hannu ya mutu ai gaba ɗaya yake mutuwa."

Ta ce hannuna lafiya ƙalau yake, ba a nan matsalar take ba. Sai an ɗauki hoton wuyana. Ta ce ranar sakamako in zo da mijina.

Me ya sa sai da mijina?

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Me ya sa sai da mijina?

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

An sallami Tsuntsuwa. Ƙafar hagu ta kame. Ta dama za a riƙa kawo ta wanki duk bayan kwana biyu, sun ce ba sai an yi mata dashen fata ba. Matar fayil ta ce kafin a san matsayina, gara yarinyar ta zauna wajen Yaya. Ta faɗa da taushin murya. Maigida ya ce haka ya fi, tun kafin ta rufe baki.

Ni na haɗa mata jaka. Na sa komai, har da ƙaramin tawul ɗinta mai hoton agwagwa, sannan na cire shi, sannan na mayar.

Gidan ya yi girma. Bahon yana nan bayan ƙofar banɗaki inda ya faɗi. Ba wanda ya ɗaga shi a cikinmu.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An ɗauki hoton. An tura ni cikin wani dogon bututu, aka ce kada in motsa, kada in haɗiye yawu da ƙarfi. Ƙara kamar ana dukan garwa a kan kunnena. Ban motsa ba. Ni da na iya tsayuwa awa takwas a gaban tebur.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na koma aiki. Shugabarmu ta ɗauke ni daga guga ta mayar da ni ninkin tawul, can ƙarshen ɗaki, nesa da injin. Doguwa, wadda teburinmu ɗaya shekara biyar, ta zo ta ce, "Hannun Ƙar…" sai ta haɗiye sauran. Ta ce ina 'yar? Na ce da sauƙi.

Duk wanda ya wuce sai ya saci kallon hannuna. Ni ma kallonsu nake. Da can ban taɓa kula da su ba, aiki kawai suke yi. Yanzu kamar baƙi ne aka ba ni riƙo, kuma ban yarda da su ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Mun je tare da Maigida. Ya nemi wani ya riƙe masa bas.

Likita ta kunna hoton ta nuna mana wuyana daga gefe. Ta ce farin zaren nan da ke cikin ƙashin baya shi ne laka, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma duk saƙon da fata za ta aika wa ƙwaƙwalwa ta nan yake bi. A tsakiyar tawa akwai wani dogon rami cike da ruwa, kamar an zura kara a ciki.

Ta juya takarda ta yi zane. Zan rubuta yadda na riƙe.

Ta ce saƙonnin ba hanya ɗaya suke bi ba. Saƙon taɓawa, in ya shiga laka, miƙewa yake yi sama ta bayanta, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Amma zafin wuta da zafin ciwo da sanyi, su tafiyarsu ɗaya. Da sun shiga sai su tarar da wasu ƙwayoyin jijiya suna jira. Su ne ke karɓar saƙon, su auna shi, su ƙara masa ƙarfi ko su sassauta, sannan su tsallaka da shi ɗaya ɓangaren kafin ya hau sama. Na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Kuma a tsakiyar laka suke giftawa.

Ta ɗora biro a tsakiyar zanen. "Nan ramin yake."

Maigida ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Wato motar tana tashi daga tasha lafiya, da fasinjanta. Gada ce ta yanke a hanya."

"Haka ne."

"Ita kuma da ke jira a can, ba ta san an taso ba ma."

"Ba yadda za a yi ta sani. Hannunta ya yi ihu, ihun ne bai iso ba."

Ya cire hula, ya mayar. Ya ce zai je ya duba inda ya ajiye mashin. Ba da mashin muka zo ba.

Da ya fita ta faɗa mini sauran. Ƙasan ƙoƙon kaina ya matse, tun haihuwa, ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa ba ya wucewa yadda ya kamata, shi ne yake taruwa a lakar. In aka bar shi ramin zai iya faɗaɗa, ya taɓa hanyar ƙarfi, yatsu su fara shanyewa. Tiyata ce a ƙeya, a buɗa wa ruwan hanya.

Na ce, "Jin zai dawo?"

Ta cire biron daga baki. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Tiyatar don a tsayar da abin ne inda yake. Wanda ya tafi, yawanci ya tafi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Maɓallin riga ya gagare ni yau. Wataƙila sauri nake. Wataƙila sauri nake.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Abin dariya, in da mai dariya. Kafaɗata ta hagu ta kama ƙuna kamar an ɗora mata garwashi, alhali ba abin da ya taɓa ta. Na kira lambar da likita ta ba ni. Ta ce hakan na faruwa: ƙwayoyin nan masu karɓar saƙo, in suka daɗe ba a kawo musu komai ba, ko ruwan ya matsa musu, sai su fara ƙirƙiro nasu. Wutar gaske ba na ji, ta ƙarya kuwa ga ta nan tana cina.

Na je gidan Yaya. Tsuntsuwa na zaune a tabarma da murfin tukunya tana bugawa. Ta ganni, ta yi tsai, sai ta rarrafa ta ɓuya bayan zanin Yaya. Yaya ta ce ƙiwa ce, duk yaran da suka kwanta asibiti haka suke yi, har ubanta ma ta yi wa.

Ba ta yi wa ubanta ba. Na ga hoton da ya ɗauka jiya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Matar fayil ta kira. Ta ce ta karanta takardar likita, ta rufe fayil ɗina, in yi haƙuri. Na ce ba komai. Kowa sai wanke ni yake yi. Da sun san sauran.

An sa tiyata ranar Litinin.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je tasha na samu Maigida lokacin hutun rana. Yana cikin bas shi kaɗai, a kujerar baya, da burodi a hannu bai ci ba. Na zauna a kujerar da ke gabansa, na ba shi baya, don haka ya fi mini sauƙi.

Shi ya fara. Ya ce, "Na zarge ki. Ban ce da gangan ba, amma na ce waya kike dannawa, ko hankalinki na wani wuri. Har rannan a wajen likita ban daina ba." Ya ce kuma shi ne ke zama cikin abokansa yana cika baki, wai matarsa tukunya take saukewa daga wuta ba tsumma. Ya gani da idonsa ya fi sau ɗari, bai taɓa cewa mu je a duba ba.

Sai na faɗa masa abin da ban faɗa wa matar fayil ba, ban faɗa wa Yaya ba, ban ma rubuta a nan ba.

Da ƙafar Tsuntsuwa ta taɓa ruwan ta ƙwalla ƙara. Ita kullum sai ta yi rigimar wanka. Na ɗauka ita ce. Na ce mata, "Haba, 'yar gata, ruwa ne fa." Ban ɗaga ta nan take ba. Na riƙe ta. Numfashi uku, ko huɗu, ban sani ba. Sai da na ga launin ƙafar.

Ita ta faɗa mini gaskiya, na ƙaryata ta, na gaskata hannuna.

Na ji ya taso, ya zauna gefena. Ya ɗauki hannuna ya riƙe da hannu biyu. Can ya ce, "Kina ji?"

Na ce ina jin ya riƙe ni. Ban san dai ko hannunsa da ɗumi ba.

Ya ce, "Sanyi ƙalau yake. Tsoro nake ji."

Yaran tasha suka fara buga jikin motar wai lokaci ya yi. Ya leƙa ta taga ya ce fasinjoji su shiga mota ta gaba.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An aske mini ƙeya. In wani abu ya faru, Yaya, littafin nan a ba Tsuntsuwa in ta girma. Kada a cire shafin jiya.

Alhamis, 4 ga sabon wata, ƙarfe goma na safe

Ina nan. Wuyana kamar an sare shi da gatari, wannan kam ya iso lafiya, ba gadar da ta tare shi. Na faɗa wa nas haka, ta ce in daina ba ta dariya tana riƙe da allura.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ta sake kawo kwalabenta. Rigar tana nan yadda ta zana ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ta ce ƙarfin yatsuna bai sauka ba, shi take nema, sauran sai hoton da za a ɗauka bayan wata uku. Ta ce daga yau idona ne zai yi aikin da fata ta ajiye: in duba hannuwana safe da yamma kamar yadda ake duba yaro, in sayi ma'aunin zafi, in manta da guga. Na ce to. Ban yi kuka ba sai a mota.

Da la'asar Yaya ta kawo Tsuntsuwa da jakarta. An cire bandejin dama, fatar ta fito sabuwa, jawur, tana sheƙi. Ban miƙa hannu ba. Na zauna a ƙasa can gefe ina ninke kayanta, na yi kamar ban san da ita ba. Ta zagaya ɗakin, ta ja igiyar labule, ta leƙa ƙarƙashin kujera. Sai na ji an dafa mini gwiwa.

Ta hau cinyata da kanta. Ta kama babban yatsana ta kai baki, ta shiga gurgura. Na ƙyale ta, ko numfashin kirki ban yi ba, kada ta tuna ta sauka.

Maigida ne ya ce, "Ke, cizonki fa take yi!"

Na duba. Ashe haƙora biyu sun fito mata a gidan Yaya, ga sawunsu nan a yatsana, har da ɗigon jini. Ya miƙo hannu zai ɗauke ta.

Na ce ya bar ta. Na zare wannan yatsan na duba shi da kyau, yadda likita ta ce, na goge jinin, na sa filasta.

Sannan na miƙa mata ɗayan.